Kwabon Zinarin da Na Yanka a Greensboro

Tun da na dawo daga Amurka ban zauna a bakin shagona da daɗi ba. Duk wanda ya biyo ta layin maƙeran zinari sai ya ja ya tsaya: "Malam Iliyasu, yaya ƙasar take? Wai da gaske har karnuka suna da asibiti?" Na maimaita labarin jirgi da na abinci har bakina ya gaji, alhali akwai wanda ban ba kowa ba. To ga shi duka a rubuce, mai so ya karanta, a bar ni in yi aikina.

'Yata Sa'adatu ce ke aure a wani gari da ake kira Greensboro, a jihar North Carolina. Da cikinta na fari ya tsufa, mijinta Nasiru ya aiko da takardu don uwarta ta je zaman jego, ni kuma in raka ta. Muka je ofishin biza tare, muka amsa tambayoyi iri ɗaya. Aka ba ni, aka hana Hajiya. Har yau ba ta yafe mini ba, kamar ni ne na buga hatimin. Kafin in tashi aka ce hoton ciki ya nuna namiji ne, don haka ta cika mini akwati da 'yan huluna da riguna, da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Ni kuma na ɗauki 'yar jakar kayan aikina, wadda ko Makka ban je ba tare da ita ba: awartaki, magagari, ƙaramin almakashi, guntun solda na liƙin zinari, da baƙin dutsen da muke goga zinari a kai mu ga ingancinsa.

Daga Abuja muka tashi, muka sauka Addis, muka sake hawa wani jirgin da ya ƙi ƙarewa. Na yi barci na farka, na yi salla a zaune, na sake barci, rana tana nan inda na bar ta. A Washington aka ware ni gefe saboda daddawa. Wata ma'aikaciya ta kwance ƙullin, ta kai hanci, ta ja da baya tana tari. Daddawa dai ba ta tsira ba. Dutsen gwajina kuwa mutum uku suka taru a kansa suna juya shi. Turancina bai kai in yi bayani ba, sai na nuna zoben ɗaya daga cikinsu. Ya cire ya ba ni, na goga, na dubi layin da ya bari a dutsen, na gyaɗa masa kai. Gaskiya zoben rabinsa jan ƙarfe ne, amma wanda ke neman shiga ƙasar mutane ba ya faɗin irin wannan.

Ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Greensboro. Nasiru ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar filin jirgi, Turawa suna kewaye shi, sannan ya ce, "Baba, an sauka shekaranjiya. Mace ce."

Na ce, "Hoton fa?"

Ya ce, "Scan ɗin ne ya yi kuskure, Baba."

Na yi dariya, na ce to na samu amarya. Amma raina ya ɗan sosu. Shekara arba'in ina ƙera wa jariran mutane 'yan kunne, ga jikata ta iso, ni kuma na zo mata da huluna.

Gidansu yana bene na biyu a wata unguwa da ke bayan titin Wendover. Titin ba ya rabuwa da motoci, amma ka karya kwana ka shiga unguwar, shiru. Da rana tsaka nakan tsaya a baranda in duba: motoci a jere, ƙofofi a rufe, ganyaye suna zuba ja da rawaya, ba yaro, ba akuya, ba mai talla. A Kano in ka ga unguwa haka to an yi rasuwa. Da safe Sa'adatu ta zuba mini wani abu mai ƙaras-ƙaras a kwano, ta tsiyaya madara mai sanyi, wai karin kumallo ke nan. Allah ya saka wa Anti Rifkatu, wata maƙwabciyarsu Kirista 'yar Kafanchan, ma'aikaciyar jinya. Ita ta riƙa yi wa mai jego ruwan zafi, ta tuƙa mini tuwon shinkafa, ta kuma tsaya a kan hidimar suna kamar ita ta haifi Sa'adatu.

Bayan suna ne Nasiru ya nuna mini abin da yake ɓoyo. Ya ɗauko wani akwati daga ƙasan gado, ya shimfiɗa ƙyalle, ya fara jero kwabban zinari, kowanne a rufe cikin roba mai garai-garai da lamba a jiki. Ya ce na sarakunan Vietnam ne na da. Ba kuɗin kashewa ba ne, sarki ne yake bayarwa kyauta ga wanda ya yi masa abin kirki. Wasu da hoton wani dogon maciji mai ƙafafu, wasu da huji a tsakiya irin na kwabon zamanin iyayenmu, sai dai nasu hujin mai kusurwa huɗu ne. Kowanne da rubutu irin na Sinawa.

"Duk addu'o'i ne, Baba. Wannan yana cewa arziki da tsawon rai da 'ya'ya masu yawa. Wannan kuma zaman lafiya a ƙasa. Shekara shida ina haɗa collection ɗin nan."

Na ce, "To a buɗe robar in taɓa mana."

Ya zaro ido kamar na ce a buɗe kabari. Wai in aka buɗe, ko aka goge, ko yatsa ya taɓa, daraja ta faɗi. Na yi mamaki. Mu a wurinmu zinari nauyi ne da inganci. Tsohon abin wuya ko sabo, wuta ɗaya suke shiga.

Guda ɗaya ne ba ya cikin roba, yana naɗe a takarda. Ya ɗan lanƙwashe, ga wasu ƙananan ramuka a jere kusa da bakinsa, ga baƙin datti a cikin rubutun. Nasiru ya ce masu tantancewa sun dawo da shi, sun ce ya lalace, ba sa sa irinsa a roba. "Wannan ba shi da wani value a wurin masu tarawa. Amma rubutunsa na tsawon rai ne." Shi ya yarda na taɓa. Na goga gefensa a dutse, layin ya fito rawaya shar, zinari ne tsantsa. Sai na ɗora shi a harshe, yadda mahaifina ya koya mini, don zinarin gaske ba shi da ɗanɗano, gauraye ne yake tsami. Wannan ba tsami ya yi ba. Wani ɗanɗano na ji kamar na ƙasar rijiya, ga sanyi da ya ratsa har haƙorana. Na tofar a hankici, na ce datti ne.

Kwana biyu Sa'adatu tana mita a kan kunnen yarinya. A can, wai sai an kai ta wani shago a harba mata ƙarfe da 'yar bindiga. Ni kuma maganar Nasiru tana yi mini yawo a kai: ya lalace, ba shi da daraja, addu'ar tsawon rai ce a jiki. Ban ga abin tambaya ba. Ranar Litinin da ya fita aiki, na ɗauko kwabon, na sa almakashi na yanke ɗan gefensa, bai kai faɗin farce ba. Na kunna 'yar wutar gas da Anti Rifkatu ta aro mini a wurin wani mai gyaran famfo. Ban yi minti biyu a kicin ba wata ƙararrawa mai jin hayaƙi ta fashe da ihu a saman kaina, jaririya ta ɗauka, wata maƙwabciya ta fito da kare a hannu. Sai baranda na koma. Kafin la'asar na gama 'yan kunne biyu, ƙanana, zagayayyu, ban taɓa yin masu kyansu ba. Anti Rifkatu ta huda, ta sa mata.

Da Nasiru ya dawo na nuna masa amaryata da adonta, na kuma miƙa masa ragowar kwabon. Ya dube shi, ya dube ni. Da ƙanensa ne ya yi wannan aiki da unguwar ta ji su, amma surukinsa ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sun yi kyau, Baba. Allah ya saka da alheri." Ya shiga ɗaki, bai fito cin abinci ba.

Washegari yarinya ta ƙi nono. Ba kuka take ba, da kuka ne da sauƙi. Bakinta kawai ta damƙe, kumatunta suna motsi a hankali kamar tana tsotsar wani abu a ciki. Sa'adatu ta sa ɗan yatsa ta duba, babu komai. In an matsa mata ta karɓi kaɗan, ta sake rufewa. Aka kai ta asibiti, likita ya auna nan ya auna can, ya ce bai ga ciwo ba, amma in ta ci gaba da ramewa sai an kwantar da ita. Na yi mata tofi safe da yamma. Kwana huɗu muna haka, Sa'adatu tana kuka a ɓoye, ni kuma in na ɗauki yarinyar sai in ji ta fi jiya rashin nauyi. Hannun maƙeri ba ya kuskure a kan wannan.

Ranar Asabar da hantsi aka kira Nasiru a waya. Wata mata ce 'yar Vietnam mai suna Lan, mai kantin kayan abincinsu a titin Gate City. Ita ce take karanta masa rubutun kwabbai, kuma a kantinta ya haɗu da wanda ya sayar masa da lanƙwasasshen nan. Ashe wanta ne, kuma ba da sanin gida ya ɗauka ba. Yanzu mahaifinsu yana kwance rai a hannun Allah, uwarsu ta buɗe inda take ajiya ba ta ga kwabon ba, ta daina ci ta daina sha. Lan tana roƙo a kai mata shi yau.

Nasiru ya ajiye wayar ya rasa ta inda zai dube ni. Na ce, "Ni na yanka, ni zan je in yi bayani."

Muka ɗauki Lan a kantinta, muka nufi wani ƙauye a arewacin gari da ake kira Summerfield. Gidaje suka fara nisa da juna, itatuwa suka rufe hanya. Muka wuce wani fili da dawakai uku a tsaye, babu wanda ya kaɗa ko jela. Gidan yana ƙarshen wata 'yar hanyar tsakuwa. Tun daga ƙofa ƙamshin turaren tsinke ya tare mu, muka cire takalma kamar yadda muke yi a gida. A falo akwai wani tebur dogo da hotunan tsofaffi a jere, da lemo a faranti, da ƙananan kofunan shayi cike, ba mai sha. Lan ta ce na kakanninsu ne da suka rasu, kullum ana zuba musu sabo. Gadon tsohon yana gaban teburin. Fata ce kawai da ƙashi, ido a rufe, baki a ɗan buɗe. Ta ce kwana biyar ke nan bai buɗe ido ba.

Tsohuwar 'yar ƙarama ce, gashinta fari fat. Tana magana da yarensu, Lan ta juya zuwa Turanci, Nasiru ya juya mini zuwa Hausa. Ta ce wani sarki ne ya ba kakan kakan mijinta kwabon. A al'adarsu, in mutum ya cika, kafin a rufe shi ana sa masa 'yan ƙwayoyin shinkafa da kuɗi a baki, don kada ya tafi da yunwa ko hannu wofi. Masu hali zinari suke sawa. Bayan shekara uku ko fi sai a tone kabarin, a wanke ƙasusuwan da ruwan ƙamshi, a mayar da su wani ƙaramin akwati. A gidansu, in an zo wankin, sai a ciro kwabon a ajiye wa na gaba.

Nasiru ya tsaya da fassara. Na ce, "Ci gaba mana."

Ya ce, "Baba, ta ce ya kwana a bakin mutum huɗu. Na ƙarshe ita ta ciro shi da hannunta, daga bakin surukinta."

Sai a lokacin na gane ramukan nan da ke jere a bakin kwabon. Da na ɗauka wani ne ya gartsa don gwaji. Harshena ya yi nauyi, ɗanɗanon nan ya dawo mini sabo, na riƙa haɗiyar yawu ina a'uziyya a zuci. Ni Musulmi ne, na san babu mai cutarwa ko amfanarwa sai Allah. Amma tsoro na ji, tsoro sosai, don abin da na gani a idona shi ne kumatun jikata suna motsi.

Nasiru ya miƙa mata takardar. Ta buɗe, ta shafa wurin da na yanke da babban yatsa. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dai tambaya ina sauran. Na ce a gaya mata gaskiya: ni maƙeri ne, ban sani ba, sauran yana kunnen jaririya. Sai ta ce ba za ta sallami mijinta da gutsurarren abu ba, iyayensa za su ce ba a riƙe amana ba. Na ce ta ba ni kwabon zuwa gobe.

Muna isa gida ban ko zauna ba na ce Sa'adatu ta miƙo yarinyar. Na zare 'yan kunnen, Anti Rifkatu ta sa mata zare a hujin don kada ya toshe. Sa'adatu tana tambaya lafiya, na ce masu zinarin ne suke son abinsu. Sauran bayanin na bar wa mijinta, ban sani ba ko ya yi. Na fita baranda na narka aikin da na fi alfahari da shi, na buga shi ya yi faɗi, na yanka daidai gurbin, na liƙe da soldar da na zo da ita daga Kano. Na goge, na daidaita bakin da magagari. Ramukan haƙoran ban taɓa su ba. Ina cikin tattara kaya na ji Sa'adatu ta ƙwala mini kira daga ɗaki: yarinya ta kama nono, tana ja kamar za ta cinye uwar. Da aka gaya wa likita daga baya, ya ce jarirai sukan yi haka. Ban yi masa gardama ba.

Washegari bayan azahar muka koma Summerfield. Tsohon yana nan yadda muka bar shi, sai numfashin da ya ƙara nisa tsakani. Tsohuwar ta karɓi kwabon, ta ɗaga shi a hasken taga, ta juya, ta nemi inda aka liƙe ta rasa. Ta kama hannuna da nata biyun ta sunkuya. Ta ajiye shi a faranti kusa da wani ƙaramin kofi na shinkafa da aka riga aka tanada a gefen gadon. Lan ta ce a wannan ƙasar ba a tone kabari, don haka wannan karon in ya shiga ya shiga ke nan.

Aka kawo mana shayi. Mun miƙe za mu tafi sai tsohuwar ta sake magana, fuskarta a sake, har da murmushi. Lan ta fassara, Nasiru ya juyo gare ni.

"Baba, ta ce tunda zinarin ya zauna a jikin yarinyar, ta zama tasu. Tana so a faɗa mata sunanta, ta raɗa wa maigidan, in ya isa can ya gaya wa iyayensa su riƙa leƙa ta."

Alheri take nufi, na ga haka a idonta. A wurinsu babu kyautar da ta fi wannan. Nasiru yaron kirki ne, ba ya iya ƙin tsoho, na ga ya buɗe baki zai faɗa. Na damƙe wuyan hannunsa da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Na ce, "Iliyasu."

Lan ta dubi Nasiru, ta tambaya ko sunan mace ne wannan. Nasiru ya dube ni. Na gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa. Ƙarya na yi wa tsohuwa a gaban gadon mijinta, Allah ya yafe mini, kuma ko yau aka sake zan sake.

Ta koyi sunan sau biyu har ya zauna a bakinta. Sannan ta sunkuya a kunnen tsohon ta faɗa masa a hankali, sau uku. A na ukun ya buɗe ido. Bai dubi matarsa ba, bai dubi 'yarsa ba. Kansa ya juyo a kan matashin har ya same ni inda nake tsaye a bakin ƙofa, ya tsaya a kaina, leɓɓansa suna motsi. Lan ta fashe da kuka tana murna babanta ya farka. Ni takalmana na nema, na kasa sa ƙafar dama sai da Nasiru ya riƙe ni.

Ya cika ranar Talata da safe. Lan ta kira ta yi godiya, ta ce an yi komai yadda ya kamata. Na ƙara sati uku a garin, amaryata ta yi ɓul-ɓul, na baro ta da zare a kunne. Na dawo ta hanyar da na bi, babu abin da ya faru a jirgi, lafiyata ƙalau, ina ci ina sha ina aiki.

Abu ɗaya ne kawai, kuma ku abokan zamana gara ku sani don kada ku ce Amurka ta sa mini girman kai. In kun kira sunana daga baya kuka ji ban amsa ba, na ji sarai. Ku zagayo ta gaba in ga fuskarku tukuna.